Ranar da Na Sauka Daga Tarago

Shekara talatin da ɗaya ina jan tarago mai lamba uku,
Ilija zuwa Bashcarshiya, in kewayo, in koma.
Sarayebo na san ta, amma ta bayan gilashi,
irin sanin da mai azumi ke yi wa tukunya.
Jiya na miƙa makulli da hula.
Yau da ƙafa na fito, Senada na ƙwala mini kira ta taga:
"Ka sayo ƙwan fitila, na banɗaki ya mutu."

Akwai wani shagon gahawa a kan kwana,
ƙofarsa koriya, kujerunsa biyar,
na wuce shi ya fi a ƙirga.
Na shiga ina sanɗa kamar wanda ake bi bashi.
Fikreta, mai shagon, ta dube ni ta saman tabarau:
"Ba kai ne mai kaɗa ƙararrawa sau biyu ba?
Da jin ka nake ɗora ruwa."
Ashe duk shekarun nan agogon wata ne ni,
ba wanda ya gaya mini.

Ta kawo 'yar butar tagulla mai dogon mariƙi,
sukari dunƙule biyu, alewa mai ƙamshin fure.
Ƙa'idar na san ta tun ina yaro:
a gatsa, a kurɓa a kai, a jira.
Jiran ne ya gagare ni.
Hannuna na ta laluben birki a gefen tebur.

Layin maƙera, kunne ke riga ido shiga.
Ƙwas, ƙwas, Hairudin na fitar da ganye a jikin faranti,
gudumarsa ba ta fi cokali ba.
Ya ce arba'in, na ce ashirin,
muka ɓata rabin awa kan ciwon gwiwa,
muka tashi a talatin da takwas.
Farantin ba ni da abin yi da shi.

Da azahar hayaƙi ya ja ni ta hanci.
Cebabi goma, gajeru kamar yatsu,
kwance cikin gurasar da ta sha maiƙo,
albasa ɗanya a gefe, tuli.
A da a tsaye nake ci, cikin minti huɗu, ido kan agogo.
Yau na zauna har mai ya daskare a faranti,
wani yaro na koran tattabaru a bakin famfo,
suna tashi, suna dawowa,
shi bai gaji ba, su ba su yi fushi ba.

A kasuwa wata tsohuwa daga kan tudu
ta datso mini cuku a bakin wuƙa.
"Ɗanɗana, ba a sayen gishiri da ido."
Na ɗanɗana. Na sayi rabin kilo don kunya,
na ƙara rabi don daɗi.
Sai zuma, sai jan tattasai,
sai tsohuwar taswirar gari a shagon littattafai,
layina a jiki, ɗan siririn zare ja.
Rayuwata ke nan, ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba.

La'asar sakaliya, yayyafi ya sauko kan kogi,
ledoji sun yanke mini yatsu.
Ga lamba uku ta taho tana ƙugi.
Na biya kuɗi, na zauna a baya.
Wata yarinya ce a kujerata, gashi ɗaure, baki na cin cingam.
Ta ɗauki kwanar da ɗan sauri,
ƙafata ta danna ƙasa, ba kunya.

Daidai koriyar ƙofa na riƙe numfashi.
Ta kaɗa sau ɗaya.
To. Fikreta za ta saba.

Senada ta baje kayan bisa tebur,
ta juya farantin, ta shinshina cukun, ta lashi zuma.
"Ƙwan fitilar fa?"
Na ce gobe ma rana ce,
kuma akwai wani lungu bayan masallaci
da na ji ƙamshin burodi, ban shiga ba.